Mansur Yana Jiran A Yi Masa Faɗa

Ƙanena Mansur ya haura shekara ashirin da biyar, amma fahimtarsa a hankali take tafiya, haka Allah ya yi shi. A Cheras ta ƙasar Malesiya aka haife shi, mahaifiyarsa 'yar Malesiya, mahaifinmu Alhaji Datti Bakano mai sayar da yadi a unguwar Masjid India. Baba bai taɓa lallaɓa shi ba. In ya ninke yadi a karkace sai ya sha faɗa, ya warware ya sake, har ya iya. Shi ya sa a wurin Mansur, wanda ya yi maka faɗa shi ne ya ɗauke ka mutum.

Bayan rasuwar Baba na samo masa aiki a wani gidan burodi na 'yan Taiwan. Shugabar masu kwaɓi, Madam Lin, masifaffiya ce ta gaske, ko 'yan ƙasarsu ba ta raga musu. Amma da ta zo kan Mansur sai murya ta yi laushi. Sauran ma haka suke: wannan ya karɓe masa tire, wancan ya turo masa kujera da shayi. In ya mulmula burodi kowa ya ce "Boleh, boleh," wai ya yi kyau, har da tafi. Yana juya baya su kwashe su sake mulmulawa.

Ya gani mana! Idonsa ai lafiya lau yake.

Na je na same ta. Na ce, "Madam, in ya ɓata ki faɗa masa. Wallahi zai iya."

Ta dafe ƙirji ta ce, "Irinsu ba a yi musu tsawa. Tausayinsa muke ji."

Takaici ya ishe ni. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya hantare shi, ƙarar wa zan kai?

Ran Talata Mansur ya bar tire guda a tanda da gangan, har burodin ya ƙone ƙurmus. Ya ɗauko ya dire a gaban Madam Lin, ya sunkuyar da kai yana jira.

Da la'asar na tarar da shi a matakalar benenmu, da ledar kek da suka ba shi, ko buɗewa bai yi ba.

"Yaya Raudatu," ya ce, "yau ma ba ta yi min faɗa ba fa. Kaina ta shafa. Ta ce daga gobe kar in ƙara taɓa fulawa, in zauna a bakin ƙofa ina yi wa mutane murmushi."