Guɗar da Na Rangaɗa a Kotu

Ko zan manta da ranar aurena, ba zan manta da ranar da na rangaɗa guɗa a gaban alƙali ba. Ni fa aikina ke nan, a unguwarmu a Daura ba a kai amarya sai an aiko an kira ni.

Jikata tana 'yar firamare wani mutum ya yaudare ta da alewa a bakin kasuwa, ya ɗora ta a babur. Allah ya sa direbobin da ke lodin garin Kongolam suka ga yarinya tana kuka, suka tare shi. Ashe ya saba. Duk sanda aka kama shi sai danginsa su kai goro zauren mai unguwa, a ce a rufa asiri, a shafa fatiha, a watse. Mu ma sun zo mana. Ɗana, uban yarinyar, har ya fara sunkuyar da kai, na ce masa, "Wallahi ka taɓa goron nan, ka nemi wata uwar." Yarinyar da ko ƙofar gida ta daina leƙawa, da ta ji ƙarar babur sai ƙarƙashin gadona.

Haka magana ta kai kotu, ranar hukunci gogan har da murmushi. Sai alƙali ya ce an tsaurara doka a kan masu cutar da yara, ya yanke masa shekarun da ba zai fito ba sai da furfura. Ni dai ban san sanda na kama hanci ba. Ayyururui! Kotu duka ta waiwayo, ɗana kamar ya nutse.

Alƙali ya ce, "Hajiya, nan kotu ce, ba gidan biki ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, kuɓuce mini ta yi."

Ɗan sanda ya rako ni waje yana danne dariya. Ina taka bakin ƙofa na ƙara wata, har da 'yar rawa, ni da ke kukan gwiwa.

Da na koma gida na ce wa jikata ba zai fito ba sai tana da nata 'ya'yan. Washegari da kanta ta ɗauki jakarta ta tafi makaranta. Tun ranar na gane cewa in aka rufa wa mai cutar da yaro asiri, yaron ne aka rufe a ɗaki.