Kunnen Hagu na Mai Dalma

Mai Dalma mijin ƙanwata ne, kuma shagonsa yana ƙarƙashin ofishin da nake aikin akawu, a layin masu gyaran kayan wuta. Abin da ya faru a shagon da idona na gani. Labarin yarintarsa kuwa daga bakinsa na ji.

Ubansa mai walda ne, mutum mai saurin hannu. Mai Dalma yana yaro ya kwance rediyon gidan don ya ga inda murya take fitowa, ya kasa mayar da ita. Uban ya dawo ya tarar da kayan cikinta a baje a ƙasa, ya ɗauke shi da mari a kunnen dama har kansa ya bugu da ƙofa. Jini ya zubo, aka toshe da auduga. Tun daga ranar kunnen bai ƙara jin komai ba. Ban da ni da ƙanwata, babu wanda ya sani.

Dole ya ɓoye, domin da kunne yake cin abinci. Sana'arsa haɗa adafta ce, ɗan guntun wayar nan da ke shiga tsakanin hedifon da na'ura idan bakinsu bai zo ɗaya ba. Mutane suna raina ta, amma ita ke gyara sauti ko ta ɓata shi. Idan bakinta ya yi tsatsa, sai ka ji ana ta shuu a bayan waƙa. Idan dalma ba ta kama da kyau ba, muryar mawaƙi ta nutse kamar daga cikin rijiya. Waɗannan yakan kama su nan take. Abin da yake tsoro shi ne silin waya ɗaya ya tsinke, ɓangaren dama ya yi shiru, shi kuwa bai sani ba. Saboda haka duk adaftar da ya gama, sai ya saurara, ya cire hedifon ya juya shi, ya sake saurara da kunnen hagu ɗin dai. Mutanen layi suna cewa, “Ka ga gwani, sau biyu yake gwadawa.”

Wata rana Guduma ya zo, wani ƙaton mutum mai sa kiɗa a wuraren taro. Da hedifon yake jin waƙar da zai sako kafin jama'a su ji. Ya bar motarsa a kunne a bakin shago. Mai Dalma ya haɗa masa adafta, ya saurara sau ɗaya.

“Dakata in juya.”

“Juya me? Kai ka cika tsirfa, ana jirana.” Ya fizge ya tafi.

Washegari da rana ina kan tebur na ji ƙarar gilashi. Na sauko da gudu. Guduma ya zo da ƙaninsa, sun riga sun kifar da akwatin kayan shagon.

“Ka san abin da ka yi mini? Gefe ɗaya shiru! Na yi ta haɗa waƙa a karkace, yara suna yi mini ihu, mai taro ya kashe mini wuta a gaban mutane!”

“Ka yi haƙuri, Maigida, kawo in canja maka.”

“Ka canja mini mutuncina?”

Ya shaƙo wuyan rigarsa ya jawo shi ta kan tebur. Ƙarfen narka dalma yana hannun Mai Dalma, da zafinsa. Ko da gangan ko cikin firgita, ban sani ba har yau, ya manna shi a damtsen Guduma. Na ji warin fata ta ƙone. Guduma ya yi wata irin ƙara, ya ɗaga shi ya maka da bango.

Na yi ƙoƙarin shiga tsakani. Ƙanin ya ce, “Baba Akawu, koma kan takardunka,” ya tokare ni da gwiwar hannu a ƙirji, na zauna a ƙasa numfashi ya ɗauke.

Mai Dalma bai kare fuska ba, bai kare ciki ba. Hannayensa biyu ya ɗora a kan kunnen hagu ya dunƙule. Guduma ya yi ta shurinsa a haƙarƙari, sannan ya lura.

“Au, kunnen ne ba ka so a taɓa? Shi nake nema! Kunnen da bai yi mini aiki ba!”

Ya taka hannun da takalmi don ya ɓamɓare shi. Na ji yatsu sun yi ƙas. Hannu ɗaya ya saki. Guduma ya ware tafinsa mai faɗi, ya ɗaga sama. Layi kaf ya taru a ƙofa, masu gyara da masu saye.

Sai Mai Dalma ya juyo da gefen damansa ya miƙa masa.

“Ga wannan, ka mara! Wannan ya mutu tun ina yaro. Don Allah ka bar mini ɗayan!”

Guduma ya tsaya da hannu a sama.

“Kurma ne kai?”

“Rabi.”

“Kurma ne yake gwada mana sauti?” Ya juya wajen taron yana dariya, damtsensa na tsiyayar ruwa. “Kun ji gwaninku!” Ya tofa yawu a ƙasa, ya ja ƙaninsa suka fita.

A asibiti aka ɗaure yatsu biyu da haƙarƙari. Likita ya duba kunnen hagu ya ce lafiya lau yake. Da ya koma shago, masu kiɗa da masu ɗaukar murya sun koma wajen wani a ƙarshen layi, yara kuma suna kiransa Rabin Kunne. Yanzu cajar waya da tocila yake gyarawa, yatsun kuma ba sa lanƙwasa sosai.

Wata rana a gidansu na tambaye shi ko ya yi nadamar buɗe bakinsa a gaban jama'a. Ƙanwata tana daga cikin ɗaki tana faɗa da yara a kan wanki. Ya karkata kai wajenta yana saurare.

“Yaya, ka ji ta ko? To ni ma ina jin ta.”