Mai Rijiya da 'Yar Maraƙa a Baro

Shekara talatin da biyu ya yi yana shiga cikin ƙasa, shi ya sa har yau ba a kiransa da wani suna sai Mai Rijiya, ko da yake rabonsa da riƙe diga tun jikarsa ta fari ba ta yi haƙori ba. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, idanunsa kullum a ɗan runtse kamar hasken duniya ya yi masa yawa. Magana ba ta dame shi ba. Ya ce a ƙasan rijiya kalma ɗaya takan dawo maka sau uku, dole ka koyi tattalinta. Abin da ya sani shi ne igiya: ja ɗaya a sauko da guga, ja biyu a ɗaga, ja uku a fitar da mutum maza.

Ƙanin matarsa ya taɓa riƙe masa igiyar. Wata huɗu ya yi a bakin rami. Ran da gefen wata rijiya ya zube, ya ga an zaro mijin yayarsa da ƙasa har cikin kunne, washegari ya tafi koyon ɗinki. Tun daga nan ya zama Tela, kuma tun daga nan tsokana ba ta ƙare a tsakaninsu ba. Tela ya ce masa ɗan uwan gafiya, shi kuma ya ce ai ko gafiya ta fi mai gudun rami zuciya.

Da injinan haƙa suka shigo, abin da yake yi a wata biyu suna gamawa kafin azahar, aiki ya yi ta janyewa har ya ɗauke. Rijiyarsa ta ƙarshe wani manomi ya haƙa wa, mutumin ya sallame shi da karsana, ja mai farin tabo a goshi. Ya jawo ta gida da tsohuwar igiyarsa ta aiki, ya kafa mata turke tsakanin ɗakin girki da bishiyar lemo. Matarsa ta sa mata suna Mai Tabo. Yara duk sun watse birni, sai shi da tsohuwarsa da 'yar gonar bayan gida da saniyar nan. Takinta ke riƙe gonar, nononta ke riƙe su. Wasu sun ce sun sha jin sa yana hira da ita da hantsi, hira mai tsawo wadda bai taɓa yi da mutum ba. Ban sani ba, ba na shiga abin da ban ji da kunnena ba.

Sai dokar lamba ta zo. Aka ce saboda cuta, duk dabba sai an maƙala mata lambar roba a kunne, wadda aka samu babu za a kama. Mai Rijiya ba mai gardama da hukuma ba ne. Sau uku yana zuwa ofishin. Na farko aka ce mai maƙalawa ya fita, na biyu aka ce lambobin sun ƙare, na uku aka ba shi wata 'yar takarda aka ce ya jira a kira shi. Ya ninke ta huɗu ya sa cikin hula. Tana nan cikin hular har Mai Tabo ta haifi 'yar maraƙa, ja kamar uwarta, amma ba tabo.

Kwanan maraƙar tara aka kawo samame. Da safe ne, yana gona. Matarsa ta ji ƙarar manyan motoci da kukan awakin maƙwabta, ta leƙa ta ga masu kaki suna shiga gida gida. Ba ta tsaya tunani ba. Ta sungumi maraƙar, ita da gwiwarta ke hana ta ɗaukar bokiti, ta kai ta bayan gado, ta naɗe mata baki da zani, ta zauna a kanta kamar kaza. Da ya iso da gudu ya tarar mutum huɗu suna jan Mai Tabo, ita kuwa ta kafe ƙafafu tana kallon ƙofar ɗaki tana kuka. Ya cire hula, ya miƙa takardarsa. Babbansu ya duba gaba da baya.

"Baba, wannan takardar jira ce. Mu kunne muke dubawa."

Suka tafi da ita, da awaki da tumakin rabin unguwa. Aka ce an kai su tsohon sito na bayan gari, kuma duk dabbar da ta cika kwana bakwai ba a zo da shaidar lambarta ba, mota za ta kwashe ta. Ina za a kai ta, kowa da abin da yake faɗa. Ya koma ofis, aka ce lambobi sun iso, ya kawo dabbar a maƙala mata. Ya ce tana hannunku. Aka ce wannan wani sashe ne daban.

A ranar farko matarsa har da ɗan alfahari. "Malam, ka ga dai na tsirar mana da iri." Ya ce, "Kin yi ƙoƙari, Uwar yara." Shi ya riga ya ga yadda maraƙar ke zagaya turke tana shinshina ƙasa.

Suka sayo madarar gari da kwalbar shayar da jarirai. Maraƙar ta kawar da kai. Ya tsoma yatsa a madara ya sa mata a baki, ta tsotsa sau biyu ta tofar. Suka ɗura mata da cokali, abin da ya shiga ya fito zawo. Sauran shanu biyu masu shayarwa a unguwar duk suna can sito. A kwana na uku idanunta sun faɗa, in ya ja fatar wuyanta sai ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Matarsa ta daina zancen iri. Ta zauna a bakin ƙofa da kwalba a cinya, ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Da na bar ta sun tafi tare." Ya ce, "Wa ya sani."

Da yamma Tela ya shigo da tef ɗinsa a wuya. Shi da wata tsohuwar malamar makaranta da direbobin tasha da matan kasuwa suka haɗa gangami, gobe za a taka har ƙofar sito a miƙa koke. Tela ko kaza bai ajiye ba, amma kwana biyu bai taɓa ɗinkin kowa ba, ƙyallayen rubutu yake ta haɗawa. Ya tsuguna ya dubi maraƙar, fara'arsa ta ragu.

"Yaya, ki ba mu aron ta gobe. Wallahi hoton wannan ya fi jawabi goma."

"Aro? Ka kai ta bakinsu su ƙwace? Kai tun kana yaro ba ka da hankali."

"Mutum ɗari biyar ne fa. Wa zai taɓa ta?" Ya juya. "Kai kuma ɗan uwan gafiya, ka yi magana mana. Ko sai an ja igiya sau uku?"

Mai Rijiya ya daɗe yana murza kunnen maraƙar. Can ya ce, "Zan kawo ta."

Matarsa ta dube shi. Shekara arba'in suna tare, ta san lokacin da maganarsa ke ɗauke da wata a ƙarƙashinta. Da safe ita ta shimfiɗa buhu a baro, ta kuma ɗora tsohon zaninta saboda rana.

An taru, ba laifi. Akwai waɗanda aka kwashe wa dabbobi, kowa riƙe da igiyar da ta rage masa, haka malamar ta ce a yi. Akwai kuma waɗanda ba su da ko ɗan tsako: masu faci, masu wanki, wata mai kemis da ta rufe shagonta, mahauta da suka ce in ƙananan masu kiwo suka ƙare su ma sun ƙare. Aka sa Mai Rijiya a gaba da baronsa. Tayar baron na ƙara, ana waƙa, shi dai idonsa na kan cikin maraƙar, yana ganin yana ɗagawa yana sauka.

A ƙofar sito motoci biyu na 'yan sanda ke tsaye. Malamar ta karanta koken da lasifika, ba ta tsallake layi ko ɗaya ba. Wata mata ta ba da labarin akuyarta mai ciki har ta kasa ƙarasawa. Sai Tela ya yaye zanin, ya nuna maraƙar, ya ce a dubi abin da doka ta mayar marainiya alhali uwarta na raye bayan shingen wayar nan. Wuri ya ɗauki ihu. Wayoyin hannu suka yi ca a kan baro. Aka miƙa wa Mai Rijiya lasifika, ya dube ta, ya ce, "Kwana huɗu ba ta sha ba." Ya mayar.

Wajen sha biyu wani jami'i ya fito da murmushi. Ya karɓi takardar da hannu biyu, ya ce ya ji, zai isar, shi ma ɗan manomi ne. Aka tambaye shi kwana bakwai fa? Ya ce wannan ba a hannunsa yake ba. Ya koma, aka rufe ƙofa. Aka ƙara waƙa kaɗan. Rana ta take, mata suka fara tuna girki, direbobi suka fara tuna layi. Tela na can yana gardama da wani ɗan sanda a kan ƙyallen da aka yaga.

Mai Rijiya ya juya baronsa a hankali ya bi gefen waya. Can baya akwai ƙaramar ƙofa inda ake shigar da ciyawa, da wani mai gadi, dattijo kamarsa, a kan benci. Tun kafin su gama gaisawa maraƙar ta ɗaga kai ta yi wani ɗan kuka kamar ƙarar ƙyaure. Daga cikin sito, bayan ɗaruruwan dabbobi, wata murya ta amsa. Ya san ta. Ta sake, ta sake, tana matsowa.

"Taka ce?" in ji mai gadi.

"Tawa ce. Wannan 'yarta ce. Na kawo muku ita."

Mai gadi ya kira wani akawu mai riƙe da babban littafi. Akawun ya saurara, ya girgiza kai. "Baba, mu ba ma karɓar dabba. Kamawa muke yi. Babu inda zan rubuta an kawo."

"To ku kama ta. Ga kunnenta, ba lamba."

"Ai masu kamawa sai sun fita samame. Ka koma da ita gida, in sun zo unguwarku..."

"Sun riga sun zo."

Akawun ya buɗe hannu, ya koma inuwa. Mai Tabo ta iso bakin waya ta ciki, hantsarta ta kumbura tana sheƙi, nono na ɗiga a ƙasa. Taku goma ne tsakaninsu.

Mai gadi ya tofar da tsinken bakinsa. Ya dubi sama, kamar da gajimare yake magana. "Ni dai abin da aka ce mini, in na ga dabba tana yawo a bakin wayar nan ba mai ita, in shigar da ita. Amma mai igiya a wuya, da mutum riƙe, wannan tana da mai ita." Ya sauke ido ya dube shi. "Sai dai abin da ya shiga, Malam, ni ba ni da ikon fito da shi."

"Na sani."

Ya tsuguna. Ƙullin nasa ne, irin na bakin rijiya wanda ba ya kwancewa da kansa, ya ɗauki lokaci a kai fiye da yadda ya kamata. Ya sauke ta ƙasa, ya naɗe igiyar a hannu, ya tura baronsa gaba kaɗan ya ba da baya. Maraƙar ba ta iya yawo ba, ko tsayuwa da ƙyar. Mai gadi bai damu da wannan ba. Mai Rijiya ya ji ƙarar sakata, ya ji nishin dattijon yana ɗauka, ya ji an rufe.

Da ya juyo, Mai Tabo na lasar ta tun daga kai har gindi. Maraƙar ta laluba, saniyar ta yi harbi saboda zafin hantsa, maraƙar ta faɗi. Mai gadi ya tallafe ta da gwiwa. Aka sake. Can sai ya ga 'yar wutsiyar ta motsa, ta sake motsawa, ta fara kaɗawa.

A haka Tela ya same shi, da yagaggen ƙyalle a kafaɗa. Ya dubi baro, ya dubi cikin waya.

"Me ka yi? Da hannunka? Mu muna can muna shan rana saboda ku, kai kana nan kana ƙara musu!"

"Tana sha."

"Tana sha! Jibi da gata fa, in mota ta zo? Da ɗaya ka rasa, yanzu biyu."

"Da ma biyun ne, Tela."

Tela ya tsaya shi ma yana kallon wutsiyar. Da suka kama hanya ya karɓi baron ya tura, bai yi tsokana ko ɗaya ba, sai da suka kusa gida ya ce za su sake fitowa ranar da motar za ta zo, ko mutum ashirin ne. Mai Rijiya ya ce Allah ya kai mu.

Matarsa na tsaye a bakin ƙofa. Ta ga baro da buhu da zaninta a ninke. Ba ta tambayi gangami ba.

"Ta sha?"

"Ta sha."

Ta gyaɗa kai, ta shiga ta zubar da sauran madarar, ta wanke kwalbar ta kife. Shi kuma ya rataye igiyar a reshen lemo, sama da turke, ya cire hula ya duba takardarsa ta jira, ya mayar. Saura kwana uku. Ya ɗauki lauje ya nufi bayan gida, don lokacin yankan ciyawa ya yi, kuma mai gadin ya ce masa ba a hana kowa miƙo ciyawa ta saman waya ba.