Mai Gwada Wuta da Bayan Hannu

Ana gyaran gidan Hajja Bintu a Diffa, makunnin wutar zaure kuma ya rikice: ko an kashe shi, ɗanyen shafen bangon yana jan mutum. Ina zaune ina jiran maigidan, Hajja na tsaye a bakin ƙofa, sai ga mai gyaran wuta, dattijo siriri, hannun dama cikin aljihu. Hausarsa irin ta Barebari ce. Ina jin daga hayin kogin Komadugu ya gudo lokacin rikici, ya baro shago a can.

Yana kwance makunnin da hagu, yana ƙare wa wayoyin kallo. Sai kawai ya kai bayan yatsunsa kan tsirarar waya. Hannun ya yi tsalle, na zabura, shi kuwa ko gezau.

"Hajja, wanda ya haɗa wannan ya juya wayoyin. Ƙwan fitila na mutuwa, wutar na nan da ranta. Yara na jingina nan?"

"Kullum," in ji ta.

Na kasa yin shiru. "Baba, don me da bayan hannu?"

"Bayan hannu, wuta ture shi take. Tafin hannu kuwa, riƙe shi take."

Ya zaro hannun daman zai ɗauki filaya. Yatsu biyu suka rage.