Ƙashin Ƙafa a Muƙamuƙin Baba

Kumburin ya daɗe a muƙamuƙin Baba kafin mu lura, domin gemu ya rufe shi, kuma ba ya masa ciwo. Wata rana na leƙa kantinsa a unguwar Alibandeng, na ga ya ɓare goro, ya dube shi, ya mayar aljihu. Da na matsa da tambaya sai ya ce haƙoransa na ƙasa ne ke girgiɗi. Ni ce babbar 'yarsa, ni ce kuma na yi karatun Faransanci, yaren da likitocin garin ke yi, don haka ni na tsaida taksi muka tafi asibiti.

Aka ɗauki hoton ƙashin, aka yanki ɗan nama aka auna. Likitan ya ce ƙari ne, ba mai yaɗuwa a jiki ba, amma ya cinye ƙashin ta ciki kamar yadda gara ke cin azara. Dole a cire rabin muƙamuƙin. Ya ce akwai ƙwararru da ke zuwa daga waje su yi aiki tare da su, za su maye gurbin da ƙashin ƙafar Baba.

Baba ya juyo gare ni don in fassara.

"Me ya ce ne?" in ji Baba.

"Baba, wai daga ƙafarku za a ɗebo ƙashi a sa a baki."

"To da me zan taka?"

Likitan ya naɗe wandonsa, ya kama hannun Baba ya ɗora a kan ƙwaurinsa. Ya ce ƙashi biyu ne a nan. Babban shi ke ɗaukar nauyin mutum, siririn da ke gefe kuwa ana iya ɗibar tsakiyarsa ƙafa ba ta faɗi ba. Za su ciro shi da jijiyoyin jininsa da 'yar fata, su yanka shi gunduwa-gunduwa, su jera a siffar muƙamuƙi, su ɗaure da siririn ƙarfe da ƙananan kusoshi. Daga nan su ɗinke jijiyoyin da na wuya, da zaren da bai kai kaurin gashi ba, don ƙashin ya ci gaba da rayuwa. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce in tambaya ko zai iya zaman tahiya. Sai da na zauna a daɓe na nuna wa likita yadda ake naɗe ƙafa. Ya ce zai iya, amma ba da wuri ba.

Aikin ya cinye yini guda. Da aka fito da Baba ban gane shi ba: an aske gemun, fuska ta kumbura, ga roba a hanci, ga wata a maƙogwaro. Mahaifiyata ta juya ta fuskanci bango. Abin da ake tsoro shi ne jini ya toshe, sabon ƙashin ya mutu. Can sai wata nas ta shigo da 'yar na'ura, ta ɗora bakinta ƙarƙashin haɓarsa. Da farko ba komai sai shuu. Ta ɗan gusar da ita, sai muka ji fat, fat, fat, a jere.

"Jinin ƙafa ne ke gudu a baki," in ji ta.

Na faɗa wa mahaifiyata da Hausa. Ta zame ta zauna a ƙasa tana ta Alhamdulillahi. A kai a kai nas ɗin ke dawowa, kuma duk zuwa muna jin bugun.

Sauran abin ya zo a hankali. Kunu ta roba, sannan da cokali. Sanda biyu, sannan ɗaya. Maganarsa ta farko ba ta fita sosai ba, amma na gane kanti yake tambaya.

Bayan 'yan watanni ya kira ni ɗaki, ya tura ƙofa, fuskarsa ba walwala. Na ɗauka kumburin ne ya dawo. Ya buɗe baki ya ce in haska. A kan fatar da aka dasa, gefen harshe, ga wasu siraran gashi baƙaƙe.

Muka koma asibiti a ranar. Likita ya duba, ya kwashe da dariya, ya ce fatar ƙafa ce ke yin halinta, kuma alama ce tana samun jini yadda ake so. Ya sa hantsaki ya cire su.

A taksi muna komawa, daidai unguwar Batterie IV, Baba ya ce, "Kada mutanen masallaci su ji wannan."

Da la'asar shi da kansa ya ba su labari, har yana buɗe baki su leƙa.