Jirgi Ba Ya Ɗaukar Fasinjan Hanya

Ni ban yi boko mai nisa ba. Daga firamare tasha na faɗa, na yi yaron mota tsakanin Jega da Maiyama, daga baya na koma fataucin albasa a Aliero. To abin da na sani game da tafiya shi ne, in ka biya kujera, taka ce. In ka makara, ka tari motar a gaba, direba ya tsaya maka.

Shekarar da albasa ta yi mini kirki na ce zan je Umra, in zarce Dubai in duba injin ban-ruwa, in biyo ta Masar likita ya ga gwiwar nan. Taubashina, ɗan gwaggona, yana da shagon yankan tikiti a Jega. Ya haɗa mini duka a tikiti guda, farawa daga Sakkwato zuwa Abuja. Na ce ashe zagayen kasuwanni ne.

Tafiya ta matso, sai tirelar da za ta kwashi albasata zuwa kudu ta lalace. Albasa tana rumbu, zafi ya fara taɓa ta, ga ta ƙasa ta soma tsiro. Ba a lodin albasa mai ita ba ya nan, sai a cusa maka ruɓaɓɓa cikin mai kyau, buhu ya tafi gaba ɗaya. Na hau kabu-kabu sai shagon taubashi.

"Bawana, matsa mini tafiyar nan gaba kaɗan."

"Wa ab bawanka? Zamna, ƙafarka na rawa kamar ta mai jin fitsari."

Ya daddanna kwamfuta, ya fara jero mini: kuɗin canji, bambancin farashi, harajin kowane filin jirgi, kuɗin mai.

"Kuɗin mai? Jirgin da bai tashi ba, wane mai ya sha?"

"Ba ni na aza ba, Alhajin gobe."

Na fita ban yi sallama ba. Na koma Aliero na zazzage buhu na duba albasa, na dawo Jega, kuɗin ya ƙaru, wai dala ta motsa. Haka na yi ta safa da marwa tun ban ga Makka ba. Abinci ma a tsaye nake ci. Mai ɗakina ta ce in dai zan ci gaba da zagaya tsakar gida, in ɗauki tsintsiya.

Sai dabara ta zo mini. Na koma na ce wa taubashi a bar tikiti yadda yake. Zan tsaya a yi lodi, in bi mota cikin sauri, in tari jirgin a Abuja. Kujerar Sakkwato na yafe musu, su ɗora wani.

Ya cire tabarau ya dube ni.

"Kai, wanga ba motar Maiyama ba ce. In ba ka zamna kujerar farko ba, sauran duk sun faɗi. Jidda, Dubai, Masar, har ta dawowa."

"Kujerar da na biya?"

"Ita."

Na zage shi, na zagi wanda ya ƙirƙiro jirgi. Ya bar ni na gama, ya miƙo mini ruwa.

Kuɗin canjin ba ni da su sai na sayar da albasa, albasa kuma ba ta sayuwa da daraja sai na canza tikitin. Ƙarshe na kira wani dillali, na sallama masa rumbun gaba ɗaya a farashin da har yau ba na faɗa wa kowa. Bai ko taya sau biyu ba.

Na zauna kujerata ta farko a Sakkwato. Na yi Umra, Alhamdu lillahi. Injin ban saya ba, kallonsa kawai na yi. Amma ina cikin ɗawafi, ga Ka'aba a gabana, mutane na kuka, ni kuwa zuciyata tana Aliero tana tambaya ko tirelar ta iso.