Tana Ƙoƙari, In Ji Malam Attahiru

Na Allah ne mu duka, kuma gare Shi kowa zai koma, da wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025, jim kaɗan bayan Azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Attahiru Sambo, malamin aji shida a firamaren unguwarmu a nan Tambuwal. Da safe ya shiga aji lafiya lau. Wajen ƙarfe sha ɗaya ya ce wa yara kansa na sarawa, ya zauna a kan benci, daga nan bai sake tashi da ƙafarsa ba. Ya rasu yana da shekara hamsin da biyu, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar.

A Kebbe labarin ya same ni, can inda nake aikin duba lafiyar dabbobi. Ina tsakiyar garke da allura a hannu aka bugo mini waya. Ban san yadda na hau babur ba, kuma da kyar na samu sallar jana'iza.

Attahiru, yau kwana ashirin da uku da rasuwarka. Na so in rubuta yabo zalla, kuma ka cancanci yabo. Amma akwai wani abu da ba zan iya tsallake shi ba. 'Yata Khairat, wadda na damƙa maka amana shekara uku da rabi da suka wuce, tana aji shida, saura 'yan watanni ta zauna jarrabawar shiga sakandare, kuma ba ta iya karatu ba. Kai ka san haka. Ni sai bayan an rufe ka na sani.

Bari in fara da alherinka, don shi ya fi yawa.

Tare muka tashi a Sanyinna, benci ɗaya muka zauna tun aji ɗaya. Kai mai kai ne, ni kuwa hankalina yana wurin awakin babana. Ban manta ranar da aka ba mu aikin gida na rabawa ba. Na biyo ka har gida ina roƙo ka ba ni littafinka in kwafa, ka hana ni ƙememe. Na yi fushi, na ce abotarmu ta ƙare. Sai ka ɗebo tsakuwa ka zube a ƙofar gidanku, ka ce in raba wa awaki bakwai. Muna nan har la'asar ta yi sanyi, ina rabawa kana rushewa, sai da abin ya zauna mini a kai. Duk awon maganin da nake yi wa shanun mutane yau, daga tsakuwar nan ya samo asali.

Da ka zama malami ba ka canja ba. Yara casa'in da 'yan kai a ajinka, wasu a benci, mafi yawa a ƙasa, amma ka san sunan kowa da sunan ubansa. Aljihun rigarka kullum a cike yake da marafan kwalaben lemo da kake koyar da ƙirga da su, har 'yan majalisarmu suna tsokanarka wai tun daga nesa ake jin ƙarar zuwanka. Fensir ɗaya kake yankawa gida uku da reza don kada wani yaro ya zauna hannu banza. Akwai shekarar da wani uba ya cire ɗansa daga makaranta ya mayar da shi Jabo noma. Sau huɗu kana hawa babur zuwa can, kana zama a zaure kana shan fura kana lallashi, har uban ya gaji da ganinka ya sako yaron. Matan unguwa kuwa kai kake karanta musu katin asibiti, ka zana musu rana da wata a jikin kwalin magani don su san na safe da na yamma. Ban taɓa jin ka ɗaga wa yaro murya ba, sai dai kalmar nan taka da kake jefawa bayan kowace jimla: “Kun jiya?”

Saboda wannan ne, da Khairat za ta shiga aji uku, na je da kaina na roƙi hedimasta a sa ta a ajinka. Ka san abin da yarinyar nan take a wurina. Shekara tara muna jiran haihuwa ni da Batula kafin Allah Ya ba mu ita, kuma har yau ita kaɗai ce. Ni ba mazauni ba ne, daga Lahadi zuwa Alhamis ina Kebbe. Batula ta sauke Alƙur'ani, amma ba ta yi boko ba. Na riƙe hannun Khairat na sa a cikin naka, na ce ga amana. Ka ce in kwantar da hankalina, 'yarka ce. Ka riƙa hawa aji tare da su shekara bayan shekara, ni kuwa ina ta godiya ga Allah da Ya haɗa ni da aboki irinka.

Duk Juma'a bayan masallaci nakan tambaye ka yaya ɗiyarka. Amsarka ba ta taɓa sauyawa ba.

“Tana ƙoƙari, likitan shanu,” haka kake cewa. “Wallahi tana ƙoƙari.”

Ni kuma in koma gida ina washe baki. Me zai sa in yi shakka? Littattafan aikin gidanta suna nan a jere, rubutu tsaf kamar na injin, ko'ina jan bironka ya sa maki, a ƙasa ka rubuta “Da kyau.” Jadawalin sau tana rera shi daga biyu har sha biyu ba tuntuɓe. In na ce ta karanta mini, sai ta buɗe littafi, ta ɗora yatsa, ta kama zubowa: Gazali ya kai tumaki fuɗu kasuwa, kun jiya, ya sayar da biyu ya dawo da biyu, kun jiya. Mu yi ta dariya ni da uwarta, muna cewa ja'irar yarinya har kwaikwayon malaminta take yi. Na sha ba da labarin nan a majalisa kana zaune. Na ce Khairat likita za ta zama, ta mutane, ba irin ubanta ba. Kowa ya yi dariya, kai ma ka yi murmushi ka sunkuyar da kai.

Mako biyu bayan rasuwarka aka ba Malama Mas'uda ajinka. Ta aiko a ce tana son ganina. Na je ranar Juma'a da safe, a zatona maganar jarrabawa ce. Ta sallami yara suka fita hutun tara, ta tsayar da Khairat. Ta ɗauki alli ta rubuta kalma ɗaya a allo, tumaki, ta ce ta karanta. Khairat ta dubi allo, ta dube ni, ta dubi ƙasa. Malama ta buɗe littafin karatu a shafin da ke maganar rijiya, ta rufe hoton da tafin hannunta, ta miƙa mata. Yarinyar ta ɗora yatsa a kan layin farko, ta fara: Gazali ya kai tumaki fuɗu kasuwa, kun jiya.

“Baban Khairat, ka yi haƙuri,” in ji Malama Mas'uda. “Ɗiyag ga ba karatu taka yi ba. Hadda ta.”

Sai a lokacin na gane. Ba kwaikwayonka take yi ba. Ita a wurinta “kun jiya” yana cikin littafin, don ba ta taɓa ganin abin da ke rubuce ba, muryarka kawai ta haddace da duk abin da ke cikinta. Rubutun nan mai kyau zane ne, tana kwafar siffar baƙaƙe daga allo ko daga littafin maƙwabciyarta ba tare da ta san me suke cewa ba. Malama ta rubuta 14 da 41 ta ce wanne ya fi yawa. Yarinyar da ke rera sha biyu sau sha biyu ta tsaya tana kallonsu hawaye na zuba.

Ban yi mata faɗa ba. A hanyar gida na tambaye ta a hankali me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba.

“Baba, Malam ya ce in yi kurum,” ta ce. “Ya ce shi za ya gaya maka da kainai.”

Na tambaye ta yaushe ka faɗi haka. Ta ce tun tana aji huɗu.

Attahiru, wannan ce ta fi ƙona mini rai. Da rashin sani ne, da na ce yara casa'in sun fi ƙarfin mutum ɗaya, in yi shiru. Amma ka sani. Ka ɗora wa yarinya 'yar shekara tara sirrin da kai babba ka kasa ɗauka, ta riƙe maka shi shekara biyu. Duk Alhamis in na dawo tana zuba ido ko yau Malam ya faɗa, ni kuma in shigo da tsaraba in ce zo ki karanta wa Baba. Kai da ka hana ni kwafar aikin gida muna yara, ka gwammace abotarmu ta mutu da in tashi jahili, kai ne ka zauna kana sa wa kwafen 'yata jan maki kana rubuta “Da kyau.” Ka ci amanata, Attahiru. Na juya maganar ta kowace fuska ina neman wata kalma mai sauƙi, ban samu ba.

Kuma ka zaɓi kalmar da ba za a kama ka da ita ba. Ba ka taɓa cewa ta iya ba. Tana ƙoƙari. Ai kuwa tana ƙoƙari, wa ya kai ta ƙoƙari, yarinyar da ta haddace littafi uku da ka don kada ubanta ya ji kunya? Mu mutanen nan mun san abin da muke nufi in aka tambaye mu aikin wani muka ce yana ƙoƙari. Ni ma na sha faɗa a kan ma'aikatan da ba sa tsinana komai. Amma ban taɓa zaton daga bakinka zuwa kunnena kalmar za ta ɗauki wannan ma'ana ba.

Ranar Asabar da ta wuce na raka Batula gidanka ta ƙara yi wa matarka Ni'imatu gaisuwa. Ina zaure, ita tana daga ciki saboda takaba. Ban yi niyyar ɗaga maganar ba, ita ce ta fara. Ta ce abin ya daɗe yana cinka. Ta ce ka yi ta tsayar da Khairat bayan an tashi kana gwada mata baƙaƙe, abin ya ƙi, ka ce wataƙila tana bukatar wanda zai zauna da ita ita kaɗai kullum, kuma dole sai ubanta ya sani. Amma duk ranar da ka shirya faɗa sai ka tarar da ni ina yabonta a gaban mutane, bakinka ya yi nauyi. Sannan ta tambaye ni ko na tuna zuwanka Kebbe da daminar bara.

Na tuna mana. Ka zo a babur cikin taɓo, wandonka duk laka, ba sanarwa. Na yi murna har na sa aka yanka kaza. Muka ci, muka yi hirar ruwa da tsadar taki, da yamma ka ce za ka koma. Na raka ka bakin hanya, ka tayar da babur, ka kashe, ka dube ni, sannan ka sake tayarwa ka tafi. Na yi ta gaya wa mutane cewa abokina ya yi doguwar tafiya don zumunci kawai. Ni'imatu ta ce da ka dawo gida ranar ko abinci ba ka ci ba.

Ban wanke kaina ba. Uban da ya saurari “kun jiya” shekara uku yana dariya, bai taɓa nuna kalma ɗaya ya ce mece ce wannan ba, shi ma yana da nasa kason. Bakina ne ya rufe naka. Amma ni ba malami ba ne, shi ya sa na kawo ta wurin malami. Kunyar da za ka ji ta minti biyar ce, da ka daure, da yanzu an daɗe da wuce wurin. Ka tausaya mini, yarinyar ta biya.

Na nemi a dawo da ni aiki kusa da gida. Jarrabawar bana mun haƙura da ita. Malama Mas'uda ta yarda za ta riƙa zama da Khairat bayan an tashi, ni kuma in karɓa da yamma. Jiya muka fara, daga baƙin farko, ita da shekara sha ɗaya. Ta gane baƙaƙe shida, ta rikita biyu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ni'imatu da 'ya'yanka biyar, da 'yan uwanka na Sanyinna, da malamai abokan aikinka, da ɗaruruwan yaran da suka koyi karatu da ƙirga a hannunka, ciki har da ni. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari, Ya haɗa 'ya'yanka da masu gaya musu gaskiya. Kai kuma Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka kabarinka, Ya sa alherinka ya rinjayi kuskurenka, Ya sa wannan wata na azumi ya zame maka rahama.

Haƙƙina da ke kanka na yafe, duniya da lahira, ko da yake zuciyata ba ta gama hucewa ba. Amma akwai haƙƙin da ba nawa ba, ba ni da ikon yafe shi. Zan ninke wannan takarda in ajiye wa Khairat, ba kuma zan karanta mata ba. Ranar da ta iya karanta ta da kanta, daga layin farko har zuwa nan, zan tambaye ta ko ta yafe maka.

Mannir Ɗangiwa,
Tambuwal.